Tulu Ya Fashe, Ko Kuwa Na Fasa Tulu?

Harshen Hausa ya tanadar wa mai laifi wata 'yar ƙofa da zai sulale ta cikinta ba tare da ya yi ƙarya ba. Yaron da aka aika rijiya, idan ya dawo hannu rabbana, yana da hanya biyu ta ba da labari: ko ya ce "na fasa tulu", ko ya ce "tulu ya fashe". Duka biyun gaskiya ne, sai dai a ta biyun babu yaro a ciki. Tulu ne kawai da fashewarsa, kamar shi ya ga damar fashewa. Da wannan ƙofa muka tashi, kuma girma bai raba mu da ita ba. Ma'ajin ikkilisiya yakan ce kuɗin baiko sun ɓace. Saurayi yakan ce ciki ya shiga. Magidancin da ya ɗaga wa matarsa hannu yakan ce rai ne ya ɓaci. In kuwa aka matsa da tambaya har ƙofar ta toshe, sai a buɗe wata wadda ta fi ta faɗi, wadda duk wanda ya taɓa zama a majalisar dattawan ikkilisiya ya san ta: "Aikin Shaiɗan ne."

Akan faɗi wannan magana da kai a sunkuye, sau da yawa har da hawaye, shi ya sa take kama da tuba. A ganina ta fi kusa da kishiyar tuba, kuma Kiristan da ya saba da ita yana toshe wa kansa hanyar abin da ya fi bukata. Gafara ba ta sauka a kan laifin da ba shi da mai shi. In da gaske Shaiɗan ne ya kwashe kuɗin, to shi ya kamata ya zo gaban dattawa, ma'aji kuwa a yi masa jaje. Addinin da ya ginu a kan cewa Almasihu ya mutu domin masu zunubi ba shi da abin da zai miƙa wa mutumin da ya nace cewa shi kansa an yi aiki da shi ne kawai, yadda ake aiki da fartanya.

Ba Bahaushe ne ya fara gina wannan ƙofa ba. A sura ta 3 ta Littafin Farawa, da Allah ya tambayi Adamu ko ya ci daga itacen da aka hana shi, amsar da ta dace gajera ce, i ko a'a. Adamu ya bi ta doguwar hanya. Ya fara da matar, ya kuma tuna wa Allah cewa ai shi ya ba shi ita, sa'an nan a can ƙarshen magana ya amsa cewa ya ci. Hawwa'u ta miƙa laifin ga maciji. Abin lura shi ne babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu: matar ce ta ba shi, macijin kuma ya ruɗe ta. Allah bai musa musu ba. Ya hukunta macijin saboda ruɗinsa, amma hukuncin macijin bai rage wa matar nata ba, nata kuma bai rage wa mijin nasa ba. Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gaskiya ne, amma warin daddawa bai taɓa mayar da ɓera limami ba.

Labarin Haruna a sura ta 32 ta Littafin Fitowa ya fi kowanne kama da na yaro da tulunsa. Marubucin ya faɗa mana dalla-dalla abin da Haruna ya yi yayin da Musa yake kan dutse: shi ya ce a tara 'yan kunnen zinariya, shi ya karɓa, shi ya siffanta ɗan maraƙin da kayan aiki, shi ya gina bagade, shi ya yi shelar biki. Da Musa ya sauko ya tuhume shi, sai ya fara da cewa ai Musa ya san halin mutanen nan, sa'an nan ya ce shi dai ya jefa zinariya cikin wuta, sai ga maraƙi ya fito. Mai karatu zai iya yin murmushi, domin babu maƙerin da zai yarda wuta tana ƙera abu da kanta. Amma wanda ya ce "ban san yadda aka yi na tsinci kaina a ɗakinta ba" ya tsallake matakai da yawa kamar yadda Haruna ya tsallake: saƙon waya na farko, na goma, ƙaryar da aka yi wa uwargida game da inda za a je, kuɗin acaba, ƙwanƙwasa ƙofa. Kowane ɗaya zaɓi ne, kuma a kowane ɗaya akwai damar juyawa.

Inda maganar ta fi fitowa fili shi ne a sarakuna biyu na farko na Isra'ila. In aka ɗora laifin Saul da na Dawuda a kan ma'auni irin na mutane, na Dawuda ne zai rinjaya da nisa. Saul ya bar Agag sarkin Amalekawa da rai, ya kuma bar dabbobi masu ƙiba waɗanda aka umarce shi ya hallaka. Dawuda ya ɗauki matar Uriya, ɗaya daga cikin amintattun jarumawansa, yayin da mijin yake bakin daga. Ya yi dabarar rufe cikin ta ci tura. Ya rubuta wa Yowab wasiƙa cewa a kai Uriya inda yaƙi ya fi zafi a janye a bar shi, ya kuma danƙa wasiƙar a hannun Uriya ɗin da kansa. Amma Saul aka tsige, Dawuda kuwa aka gafarta masa. Bambancin yana cikin abin da kowannensu ya yi sa'ad da annabi ya tsaya a gabansa.

Saul ya tari Sama'ila da cewa ya cika umarnin Ubangiji. Da annabin ya tambaye shi kukan tumakin da yake ji fa, sai ya ce mayaƙa ne suka kawo su, kuma domin hadaya. Da aka ƙara matsa masa ya sake maimaita haka. Sai a karo na uku ya amsa cewa ya yi zunubi, nan ma ya haɗa da cewa tsoron jama'a ne ya sa shi, kuma abin da ya roƙa daga baya shi ne Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawa. Mutuncinsa yake ƙoƙarin ceto. Dawuda shi ma ya san wannan harshe sarai. Da labarin mutuwar Uriya ya iso masa, saƙon da ya aika wa Yowab shi ne kada abin ya dame shi, ai takobi ba ya zaɓe, yau ya ci wannan gobe ya ci wancan. Da Hausarmu, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ya zauna cikin wannan labule na watanni, har aka haifi yaron. Sai Natan ya zo masa da misalin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci, ya bar sarki ya yanke hukunci da bakinsa, sa'an nan ya nuna masa cewa shi ne attajirin, shi ne kuma ya kashe Uriya, ko da yake takobin na Ammonawa ne. Dawuda yana da hujjojin da zai iya kawowa: ai matar ce ta yi wanka inda za a gan ta, ai Yowab ne ya shirya dagar, ai haka sarakunan maƙwabta suke yi ba mai ce musu uffan. Bai kawo ko ɗaya ba. Ya amsa a taƙaice cewa ya yi wa Ubangiji zunubi, kuma a numfashi na gaba Natan ya shaida masa cewa an kawar da zunubin. Sakamakon bai kau ba, domin yaron ya mutu kuma gidan sarki bai sake samun kwanciyar hankali ba, amma mutumin ya tsira.

Za a ce mini, kuma da hujja, ashe Shaiɗan ba gaskiya ba ne? Ashe Littafi Mai Tsarki bai kira shi mai jarraba ba? Ya kira shi, kuma ba na cikin masu mayar da shi tatsuniya. Amma a dubi yadda manzo Bitrus ya yi da Hananiya a sura ta 5 ta Ayyukan Manzanni, sa'ad da ya ɓoye wani kashi na kuɗin gonar da ya sayar. Bitrus ya tambaye shi me ya sa Shaiɗan ya cika zuciyarsa, sa'an nan nan take ya tuna masa cewa gonar tasa ce kafin ya sayar, kuɗin ma suna hannunsa bayan ya sayar, ya kuma tambaye shi me ya sa shi ya ƙulla wannan abu a ransa. Ya ambaci Shaiɗan, amma Hananiya ya tuhuma. Wasiƙar Yakubu ta bi da mu har zuwa tushen: sha'awar mutum ce take jan sa, ita ke ɗaukar ciki ta haifi zunubi, kuma wasiƙar ta ce a yi tsayayya da Iblis zai gudu. Ba a umartar mutum ya yi tsayayya da abin da ba shi da ikon ƙi. Shaiɗan ɗan talla ne. Yana iya kai hajarsa har ƙofar gida, ya yi mata kirari, ya rage kuɗi, ya ba da bashi, amma hannun mai gida ne yake miƙuwa ya karɓa. Har manzo Bulus, wanda a sura ta 7 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa ya yi kukan cewa zunubin da ke zaune a cikinsa yana sa shi yin abin da ba ya so, bai taɓa fakewa da wannan ba in ana maganar tarihinsa. Ya gaya wa Galatiyawa ƙarara cewa shi ya tsananta wa ikkilisiya, ya kuma nemi ya rushe ta.

Wani ɗan Afirka ya yi wannan kokawa tun ƙarni goma sha shida da suka wuce. An haifi Agustin a shekara ta 354 a garin Tagaste, cikin ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya kuma yi kimanin shekara tara yana bin koyarwar Mani, wadda ta ce akwai wani iko na duhu da ke cikin jikin mutum, shi ne mai aikata mugunta. Bayan an yi masa baftisma a Milan a 387, ya zama bishop na Hippo, ya rubuta littafin furcinsa, inda ya bayyana abin da ya riƙe shi a waccan koyarwa: tana yi wa girman kansa daɗi, domin ta ba shi damar yin laifi ba tare da ya zama mai laifi ba. A littafin ya daɗe yana juya wani ƙaramin abu da ya yi yana ɗan shekara goma sha shida, wato satar 'ya'yan itace daga gonar maƙwabci tare da abokansa cikin dare. Ba yunwa suke ji ba, yawancin abin ma aladu suka zuba wa. Ya yarda cewa da shi kaɗai ne da bai yi ba, amma bai ɗora wa abokan ba. Ya ce shi ya so abin, ya kuma so shi ne don haramun ne. Abin da ya sa shaidarsa take da nauyi shi ne babu malamin ikkilisiya da ya kai shi nacewa a kan cewa mutum ba ya iya ceton kansa, sai da alherin Allah. A kan haka ya yi shekaru yana jayayya da Felajiyas da mabiyansa. Ga mutumin da ya fi kowa cewa "ba zan iya ba sai da alheri", shi ne kuma ya fi kowa cewa "ni na yi". Masu tsoron cewa maganar alhaki za ta rage wa alheri daraja sai su yi tunani a kan wannan.

Akwai wata mafaka da ta fi ta Shaiɗan kyan gani, domin da sunan Allah ake shiga cikinta: "haka Allah ya so." A bakin wanda aka yi wa rasuwa, ko manomin da fari ya cinye wa gona, wannan magana haƙuri ce da bangaskiya, kuma ba ni da abin cewa a kanta. A bakin direban da ya sha ƙwaya ya ɗebi fasinja, ko magini da ya rage siminti ginin ya rufta, ta zama wani abu dabam. Yusufu ya gaya wa 'yan'uwansa a Masar cewa Allah ya juya abin da suka yi ya zama ceton rayuka masu yawa, amma a cikin jimla guda ya ce su mugunta suka nufa. Ikon Allah na fitar da alheri daga mugun aiki bai mayar da aikin ya zama nagari ba. Kuma a lura, Yusufu ne ya faɗi maganar, shi da aka jefa a rijiya. Da 'yan'uwan ne suka riga shi cewa ai nufin Allah ne, da rashin kunya ce.

A 'yan shekarun nan wata koyarwa ta bazu a majami'u da dama, ta la'anar kakanni: rashin aure, rashin aiki, shaye-shaye, duk akan ce daga wani tsafi ne da kakan kaka ya yi, ko daga wata tsohuwa a ƙauye. Mutane suna kwana a wuraren addu'ar kuɓutarwa suna karya abin da aka ce an ƙulla, wani lokaci kuma tsohuwar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba ita ke kwana a ciki. Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila tare da annabi Ezekiyel a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu suna da irin wannan tunani, har da karin maganarsu mai nufin uba ne ya tauna abu mai tsami amma haƙoran ɗa ne suka mutu. Sun fi mu hujja ma, domin da gaske laifin magabatansu yana cikin abin da ya kai su bauta. Duk da haka sura ta 18 ta littafin annabin ta hana su karin maganar. Ta kawo tsara uku: kaka mai adalci, ɗansa mai ƙwace da zub da jini, da jikan da ya ga duk abin da ubansa ya yi, ya yi tunani, ya ƙi bin sawunsa. Kowannensu da nasa hisabi. Ba na musun cewa 'ya'ya suna shan wahalar abin da iyaye suka yi. Ɗan mashayi yakan tashi cikin talauci da tsoro, wannan a fili yake. Amma wahalar gado daban, alhaki daban. Ana iya gadon bashin uba, ba a gadon kwalbarsa sai an miƙa hannu an ɗauka.

A nan dole in sassauta murya, domin ba kowa ne yake zaɓe a fili mai faɗi ba. Ma'aikacin da aka yi wata shida ba a biya shi albashi ba, da gwauruwar da ke sansanin 'yan gudun hijira da yara biyar, ba za a auna su da mudun da za a auna wanda ya ƙoshi ba. Yesu da kansa ya ce wanda aka ba da yawa za a nemi da yawa a hannunsa, ya kuma bambanta bawan da ya san nufin ubangijinsa da wanda bai sani ba. Alhaki yana da nauyi daban-daban, kuma wanda ya matse wa mutane hanya har sata ta zama musu mafita yana da nasa kaso, mai yiwuwa ma mafi girma. Amma ƙuntatar zaɓi ba ta kai ga rashinsa ba. A ranar 19 ga Fabrairu 2018 mayaƙan Boko Haram suka sace 'yan mata sama da ɗari daga makarantar sakandare a Dapchi ta Jihar Yobe. Bayan kimanin wata guda suka mayar da mafi yawansu, suka riƙe Leah Sharibu, 'yar shekara goma sha huɗu, kuma 'yan'uwanta ɗalibai da aka sako sun ba da labarin cewa ta ƙi barin bangaskiyarta ne. Babu mai hankalin da zai zargi yarinyar da ta yi akasin haka a gaban bindiga. Amma duk wanda ya taɓa yaba wa Leah a kan mumbari ya riga ya amsa cewa mutum yana da zaɓi ko a wuri mafi ƙunci, kuma zaɓin nasa ne. Ba zai yiwu mu ce tsayawarta tata ce, sa'an nan faɗuwarmu a gaban ambulan ɗin cin hanci ta Shaiɗan ce ba.

Wurin da alhaki ya fi saurin narkewa shi ne cikin taro. Duk wanda ya rayu a Kaduna ko Jos a shekarun rikici ya san kalmomin: "su suka fara", "kowa ma ya fita", "ramuwa ce". Mutum ɗari suka ƙone gida, sai kowannensu ya koma da kashi ɗaya cikin ɗari na laifin, abin da bai kai ya hana shi barci ba, ranar Lahadi kuma ya karɓi Jibin Ubangiji. Lissafin Allah ba ya raba laifi haka. Wanda ya kawo fetur ya kawo fetur ne cikakke. Bilatus ya gwada wannan lissafi, ya sa aka kawo ruwa ya wanke hannu a gaban jama'a ya ce abin ya koma kansu. Yau kusan shekara dubu biyu ke nan, kuma a shaidar bangaskiyar da ikkilisiyoyi ke karantawa, in aka cire Yesu da mahaifiyarsa Maryamu, sunansa ne kaɗai sunan mutum da ake ambata. Fasto James Wuye na Kaduna ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, yana da hujjar cewa shi aka zalunta, kuma ba wanda zai musa. Amma a bainar jama'a yakan faɗi cewa shi ma ya jagoranci matasa masu faɗa. Ba na jin aikin sulhun da ya yi tare da Imam Muhammad Ashafa tun daga 1995 zai yiwu da kowannensu ya tsaya a kan lissafin abin da aka yi masa kawai.

Furci da baki ma yana iya zama wata ƙofar sulalewa in ya tsaya a baki. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, bai ce tsarin Romawa ne ya lalata shi ba, ko da yake tsarin lalatacce ne. Ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Shari'ar Musa ta nemi wanda ya furta zamba da kansa ya mayar da abin ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Ninki huɗu hukuncin ɓarawon tunkiya ne wanda ya yanka ko ya sayar. Zakka ya zaɓar wa kansa ma'auni mai tsanani. Mu kuwa mun ƙware a shaidar da ake bayarwa a gaban majami'a, "dā ni ɓatacce ne", ana tafi ana rangaɗa guɗa, alhali filin marayun yana nan cikin katangarmu.

Kuma abin yakan ɗauki lokaci fiye da yadda masu wa'azi suke so. John Newton, Baturen Ingila da ya rubuta waƙoƙin sujada da har yau ake rerawa, ya juyo ga Allah cikin wata guguwar teku a 1748. Bayan wannan juyowa ne ya zama kyaftin ɗin jirgin bayi, yana ɗibar mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma, yana karanta Littafi Mai Tsarki a sama su kuwa suna ɗaure da sarƙa a ƙasa. Rashin lafiya ce ta raba shi da sana'ar a 1754. Ya zama limamin coci a 1764. Sai a 1788, shekara talatin da huɗu bayan ya bar teku, ya buga wata 'yar ƙasida ya bayyana abin da idonsa ya gani da abin da hannunsa ya yi, ya kuma amsa cewa furcin nasa ya zo a makare. Yana da mafaka mai kyau, domin a zamaninsa doka ta halatta cinikin kuma manyan mutane suna ci daga gare shi. Ya bar mafakar ya ba da shaida, ya mara wa William Wilberforce baya, ya rayu har ya ga majalisar Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, ya rasu a ƙarshen shekarar. Waɗanda ya sayar ba su dawo ba.

Ikkilisiya ma tana da tulun da ta fasa a wannan al'amari. Mutane suna fakewa da Shaiɗan ne, a wani ɓangare, domin sun ga abin da ke samun wanda ya faɗi gaskiya. Horon ikkilisiya an kafa shi ne domin maido da mai laifi, amma sau da yawa a kan wanda laifinsa ya fito a jiki yake sauka. Yarinyar da ta yi ciki ita ce za a cire daga ƙungiyar mawaƙa, a zaunar da ita a bencin baya, a yi sanarwa da sunanta. Wanda ya yi mata cikin, in ɗan babban mai ba da gudummawa ne, sai a ji ya tafi karatu. Matashin da ya ga haka ya koyi darasi, kuma darasin shi ne kada ka yarda a kama ka. Natan sarki ya tunkara, a fadarsa. Majalisar dattawan da ba ta iya tunkarar mai kuɗi ba ta da bakin da za ta nemi talaka ya ce "ni na yi".

Saura haɗari ɗaya, wanda yake a ɗaya gefen hanyar. A daren da aka kama Yesu mutum biyu daga cikin almajiransa suka ci amanarsa, kuma babu wanda ya ɗora wa wani a cikinsu. Yahuza ya mayar da azurfa talatin ɗin, ya faɗa wa manyan firistoci cewa ya yi zunubi, ya ba da marar laifi. Furci ne cikakke, har da mayar da kuɗi. Amma ya kai shi wurin mutanen da suka ce masa ba ruwansu, sa'an nan ya yanke wa kansa hukunci ya zartar. Ya ɗauki laifinsa, bai san inda zai sauke shi ba. Akwai irinsa a cikinmu, waɗanda lamiri ya ci su har suka daina zuwa sujada, suna ganin sun wuce gafara; wannan ma wani nau'in girman kai ne, mutum ya naɗa kansa alƙalin ƙarshe a shari'ar da ba tasa ba. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, har da rantsuwa, ya fita ya yi kuka mai zafi, amma ya zauna cikin 'yan'uwa da kunyarsa har ya sake haɗuwa da wanda ya yi wa laifin a bakin Tekun Galili, inda aka yi masa tambaya sau uku aka kuma danƙa masa kiwon tumaki.

Labarin musun nan yana cikin dukan littattafan Bishara huɗu, ba a rage masa kome ba, ko da yake lokacin da aka rubuta su an riga an san Bitrus a matsayin jigo a ikkilisiya. Papiyas, bishop na Hiyarapolis a farkon ƙarni na biyu, ya ce Markus ya rubuta Bishararsa ne daga abin da ya ji Bitrus yana koyarwa. In haka ne, to baranyar da ta gane shi a bakin wuta, da rantsuwar, da carar zakara, daga bakin Bitrus ɗin ikkilisiya ta fara jin su.